Samaru da Jami'ar Ahmadu Bello: Wa Ke Ɗauke da Nauyin Wa?

Duk lokacin da Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe sabuwar shekarar karatu, sai tsohuwar muhawara ta sake tashi a Samaru. Magidanci mai zaman haya yana cewa ɗalibai sun sa ɗaki ya gagari talaka. Ɗalibi yana cewa masu gidaje sun mayar da shi saniyar tatsa. Mai gida yana kafa hujja da farashin siminti da rodi da kwano. A cikin jami'a ana kukan gari ya matso har gindin katanga, a ƙauyukan gefe kuwa ana cewa katangar ce ta zo ta tarar da mutane a gonakin kakanninsu. Kowane ɗayansu yana da gaskiya a inda ya tsaya.

Abin da ya hana maganar warwaruwa shi ne an cakuɗa tambayoyi daban-daban. Wa ke da ƙasar? Wa ya kamata ya kwashe shara ya gina magudanar ruwa? Wa ke da alhakin ɗalibin da jami'a ta ɗauka amma ba ta ba shi makwanci ba? Amsar kowace daban take, kuma ta ƙarshen ce aka fi gudun amsawa.

Kalmomin da ake yawan ji

Harabar jami'a, wadda ɗalibai ke kira kamfas, ita ce filin da ke hannun jami'a, inda dokokinta ke aiki kuma jami'an tsaronta ke da ta cewa. Babbar harabar tana Samaru. Akwai ta Kongo inda ake koyar da shari'a da harkokin mulki, sai asibitin koyarwa da cibiyar binciken dabbobi a Shika. Hostal shi ne ɗakin kwanan ɗalibai na cikin haraba, irin su Amina da Ribadu da Suleiman da Danfodio. A hostal ba ɗaki ake ba ɗalibi ba, gado ake ba shi, wato gurbin mutum ɗaya a ɗakin da zai raba da wasu. Wanda bai samu gado ba ya raɓa a ɗakin abokinsa, shi ake cewa yana sikwatin. Dokar jami'a ba ta yarda da hakan ba, amma ya daɗe da zama ruwan dare. Wanda ya kama haya a gari kuwa, an ce yana zaune of-kamfas.

A gari ma akwai nasu kalmomin. Salkwanten ɗaki ne mai banɗaki da ɗan madafi a cikinsa, saɓanin gidan haya irin na da, inda ake tarayya a tsakar gida da rijiya da bayi. Ejan shi ne dillalin gidaje, wanda ke karɓar la'adarsa. Kwashan kuɗi ne da ake ajiyewa wurin mai gida saboda ɓarna, da sharaɗin a mayar idan an tashi ba a lalata komai ba.

Sai unguwar jami'a. Wannan ba suna ne da doka ta sani ba. Ana nufin wuraren da abincin mutanensu ya rataya a kan jami'a: Samaru kanta, Hayin Dogo, Danraka, Bomo, Zango, Palladan, har zuwa Basawa da Kwangila. Babu ɗaya daga cikinsu da yake mallakar jami'a.

Yadda Samaru ta zama gari

Mutane da yawa suna zaton jami'a ce ta kafa Samaru. Ba haka tarihin yake ba. Tun 1922, shekara 40 kafin a buɗe jami'a, Sashen Aikin Gona na Lardunan Arewa ya kafa tashar bincike a Samaru, aka riƙa gwajin auduga da gyaɗa da dawa. Layin dogo da ya tashi daga Zariya zuwa Gusau da Ƙauran Namoda ya ratsa ta nan. A shekarun 1950 aka gina reshen Zariya na Kwalejin Fasaha da Kimiyya da Ƙere-ƙere ta Najeriya, kuma gine-ginenta ne jami'ar ta gada lokacin da gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna ta buɗe ta ranar 4 ga Oktoba, 1962. Norman Alexander, mutumin New Zealand, shi ne shugabanta na farko, Ishaya Audu ya karɓa daga hannunsa a 1966. A 1975 Gwamnatin Tarayya ta karɓi jami'ar.

Tsarin da aka bi wajen gina ta na Ingila ne. An kai ta nesa da ganuwar Zazzau da fiye da kilomita goma, da niyyar ta wadatu da kanta: ɗalibi ya kwana a ciki, ya ci a ciki, manyan malamai su zauna a kwatas. To amma jami'a ba ta tafiya da farfesoshi kaɗai. Akwai masinja da kuku da direba da mai gadi da mai share fili da birkila, kuma yawancin waɗannan ba a yi musu gida a ciki ba. Sai suka tsallaka titin Sakkwato suka nemi wurin zama. Wannan shi ne mabuɗin fahimtar Samaru. Tun daga lokacin gari ne da ya karɓi mutanen da jami'a ke buƙata amma ba ta tanadar musu makwanci ba. A da ƙananan ma'aikata ne, yau ɗalibai sun biyo sahu.

Wasu cibiyoyin sun ƙara cika yankin: kwalejin koyon tuƙin jirgin sama da aka kafa a 1964, cibiyar binciken fata da ƙirgi, cibiyar fasahar sufuri, da barikin soja na Basawa. Shi ya sa za a tarar da Bazazzagi da Bakatsine, da mutumin Kudancin Kaduna, da Tibi da Igala da Banufe da Bayarabe da Ibo a layi ɗaya, masallaci da coci suna jin juna.

Yana da kyau a tuna cewa Zazzau ta san karɓar baƙin ilimi tun kafin boko. Unguwannin Kona da Juma a cikin birni sun yi suna da malamai, kuma ɗalibai sun riƙa zuwa daga nesa. Sai dai a wancan tsari kowane baƙo yana da mai masauki. Malaminsa ya san inda yake kwana, unguwa ta san hannun wanda yake, idan ya yi laifi ko aka zalunce shi an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Abin da ya ɓace ke nan a Samaru ta yau.

Abin da ya fito da ɗalibai waje

Jami'ar ta fara da ɗalibai 426. Yanzu ana maganar dubun-dubata. Ɗakunan kwana ba su yaɗu da wannan saurin ba, kuma dalilin kuɗi ne. Zanga-zangar ɗalibai ta 1978, wadda aka rasa rayuka a cikinta a Zariya, ta samo asali ne daga ƙarin kuɗin abinci da makwanci. A tsakiyar shekarun 1980 gwamnati ta janye hannunta daga ciyar da ɗalibai, sannan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya biyo baya. Daga nan ginin hostal ya ja baya, ɗaukar ɗalibai kuwa bai tsaya ba. Kwamitin da Farfesa Mahmood Yakubu ya jagoranta a 2012 don duba buƙatun jami'o'in gwamnati ya gano cewa kimanin ɗalibi ɗaya cikin goma ne ke da gado a faɗin ƙasar. Jami'ar Ahmadu Bello ta fi jami'o'i da dama yawan ɗakuna, kuma a 2019 Gidauniyar Dangote ta ba ta ginin da ke ɗaukar ɗalibai 2,160, amma giɓin bai rufe ba.

Ba rashin gado kaɗai ke kai mutum gari ba. Akwai ɗalibai masu aure, da masu digiri na biyu da na uku da ke zuwa suna komawa, da waɗanda iyayensu ke da hali suka gwammace su biya salkwanten da cunkoson hostal. Ba kuma ɗalibai kaɗai ke neman ɗaki ba. Ma'aikacin da ya yi ritaya dole ya bar kwatas, kuma sau da yawa a nan kusa yake ginawa ko ya kama haya, domin nan 'ya'yansa suka tashi. A 'yan shekarun nan an samu ƙarin iyalai da rashin tsaro ya koro daga ƙauyukan Giwa da Birnin Gwari. Duk wanda ya ɗora tsadar haya kan ɗalibai kaɗai ya bar waɗannan a baya.

Rikicin haya

Duk da haka, ba za a ce ɗalibai ba su da tasiri ba. Yadda abin yake aiki a fili yake. Magidanci yana biyan haya daga aljihu ɗaya. Ɗalibai uku ko huɗu suna haɗa kuɗin iyaye uku ko huɗu su kama ɗaki guda, su biya na shekara a dunƙule. Ba sa zuwa da yara, kuma bayan 'yan shekaru sun tafi, mai gida ya sa sabon farashi ba tare da jin kunyar kowa ba. Magidancin da ya shekara goma a gida kuwa, ya zama kamar ɗan'uwa, ƙara masa kuɗi sai an sha magana. Idan mai gida ya auna waɗannan, lissafinsa zai karkata ga ɗalibi. Shi ya sa ake rushe gidajen iyali masu zaure da tsakar gida, a jera ɗakuna ƙofa na kallon ƙofa, a cinye filin da ya kamata ya zama na iska da masai da hanyar ruwa. Iyalin da aka tasa sai su matsa can bayan gari, inda babu titi babu famfo.

Masu gidaje suna da tasu hujjar, kuma ba ƙarama ba ce. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuma darajar naira ta faɗi, kayan gini suka yi tashin da ba a saba gani ba. Mai gida ne ke haƙa burtsatse, shi ke kwashe masai, shi ke gyara abin da aka fasa. Da yawansu ba attajirai ba ne. Tsofaffin ma'aikata ne da suka zuba kuɗin sallamarsu a ɗakuna shida ko takwas, ko gwauraye mata da marayu da gidan ne abincinsu. Kuma kasuwarsu tana da haɗarin da sauran masu gidaje ba su sani ba, wato yajin aiki.

A 2020 jami'o'i sun shafe wata tara a rufe saboda yajin aikin ƙungiyar malamai ta ASUU, ga kullen korona a kai. A 2022 aka sake rufewa daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, wata takwas cur. A irin wannan lokaci Samaru takan yi tsit. Mai tuwo da mai shayi, mai fotokwafi da mai ɗaurin littafi, mai wanki da guga, ɗan acaɓa da mai Keke, tela da mai aski, duk sukan shiga yajin aikin da ba su kira ba, kuma ba wanda ke biyan su bashin albashi idan an sasanta. Sai kuma rigimar da ke biyo baya: ɗalibi ya biya hayar shekara, ya kwana wata uku, ya dawo ya tarar wa'adi ya cika. Shi yana ƙirga haya da zangon karatu, mai gida yana ƙirgawa da watannin kalanda.

A nan ya kamata a faɗi gaskiya ko da ba ta yi wa ɗalibi daɗi ba. A dokar ƙasa da kuma fiƙihu, haya tana hawa kan mutum da zarar an miƙa masa makulli, ko ya kwana ko bai kwana ba, muddin kayansa na ciki kuma ba a hana shi shiga ba. Rangwamen da wasu masu gidaje suka yi kyautatawa ce, kuma sun cancanci yabo a kanta. A ɗaya gefen kuma, mai gida ba shi da ikon fasa ƙofa, ko fitar da kaya waje, ko cire kwano don ya kori ɗan haya. Ƙa'idar da kotuna suka saba bi ita ce mai hayar shekara-shekara a ba shi sanarwar wata shida idan ba a rubuta wani wa'adi daban ba, sannan sanarwar kwana bakwai, sannan a je kotu. Yawancin rigingimun ba su kai nan ba da a ce an rubuta yarjejeniya tun farko. Amma abin da aka saba shi ne rasit na ejan, wani lokaci ma ba rasit, kuma kwashan da aka ajiye ba kasafai yake dawowa ba.

Wa ke da alhakin me

Sau da yawa akan ji ana cewa jami'a mai wannan girma ta kasa yi wa Samaru titi ko ruwa. Wannan ƙorafi ya ɓata adireshi. Ikon jami'a ya ƙare a katangarta, kuma kasafinta ba na aikin gari ba ne. Samaru tana ƙarƙashin Ƙaramar Hukumar Sabon Gari ta Jihar Kaduna. Kundin tsarin mulki ya ɗora wa ƙaramar hukuma kula da kasuwa da tasha, kwashe shara, magudanan ruwa, sanya wa tituna suna da lambar gidaje. Izinin gini da tsara gari suna hannun hukumar KASUPDA ta jiha, rajistar filaye tana hannun KADGIS, ruwan famfo ma na jiha ne. Babban titin da ya raba jami'a da gari, wanda tireloli ke bi dare da rana kuma dubban ɗalibai ke tsallakawa kullum, na Gwamnatin Tarayya ne. Sulhun unguwa kuwa yana hannun masu unguwanni da dagatai da hakimi a ƙarƙashin Masarautar Zazzau.

Akwai wani abu da ba a cika ambata ba. Harajin da ake cirewa daga albashin ma'aikatan jami'a ba Abuja yake tafiya ba, jihar da ma'aikaci ke zaune ake ba. Wato dubban ma'aikatan wannan jami'a suna cikin masu ciyar da baitulmalin Jihar Kaduna duk wata. Saboda haka idan Samaru ta nemi lambatu da titi da ruwa daga jiha, ba roƙo take yi ba. Haka nan bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli, 2024 kan 'yancin kuɗin ƙananan hukumomi, uzurin ƙaramar hukuma ya ragu, aƙalla a takarda.

Sai dai wanke jami'a daga aikin titi ba ya wanke ta daga komai. Ita ce ke yanke adadin da za ta ɗauka kowace shekara, tana sane da adadin gadajenta. Ragowar da ta sani sarai ba za su samu wuri ba, gari take turawa. Hukumar da ke yin haka ba ta da damar cewa abin da ke faruwa a tsallaken titi ba ruwanta.

Ƙasa, gurbin karatu da aiki

Ƙorafin ƙauyukan da ke kewaye ya fi na haya tsufa. Suna cewa an karɓi gonakinsu, abin da aka biya bai taka kara ya karya ba, ga shi wani ɓangare na filin har yau ba a gina komai a kai ba alhali su sun yi yawa. Jami'a kuma tana cewa fili ba sai an ga bene ake cewa ana amfani da shi ba: gonar gwaji, makiyaya, dajin da ke kare madatsar ruwa, da wurin faɗaɗawa nan gaba duk amfani ne, kuma masu yanka filinta suna sayarwa suna cutar jama'ar Arewa gaba ɗaya. Ta fuskar doka jami'a ce ke da rinjaye. Tun daga dokar 1910 ƙasar Arewa amana ce a hannun gwamna, kuma Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta tabbatar da haka, ta bar wa Gwamnatin Tarayya filayen da ke hannunta. A ƙarƙashinta diyya ta amfanin gona ce da itatuwa da gini, ba ta ƙasar kanta ba. To amma a nan ɗacin yake. An biya kaka kuɗin dawar shekara ɗaya da 'yan itatuwan ɗorawa, jikoki kuma sun rasa gonar har abada. Doka ta rufe shari'ar, ba ta kawar da damuwar ba.

Game da gurbin karatu ma akwai rashin fahimta. Ƙa'idar ɗaukar ɗalibai a jami'o'in tarayya ta ware kashi 45 cikin 100 ga cancanta, 35 ga yankin da jami'a ke yi wa hidima, 20 ga jihohin da ke baya a ilimi. Mutane sukan ɗauka cewa yankin yana nufin maƙwabta. Ga wannan jami'a kuwa, yankin ya haɗa jihohin Arewa ne baki ɗaya. Ɗan Bomo da ke jin ƙararrawar jami'a daga gidansu ba shi da wani kaso na musamman da ya fi na ɗan wani gari mai nisa a jihar. Inda maƙwabta suka fi samun rabo a da shi ne ƙananan ayyuka, amma gyaran aikin gwamnati na zamanin Obasanjo ya mayar da yawancin aikin shara da gadi da lambu hannun 'yan kwangila, aka rasa fansho da tabbacin aiki.

Masu kare jami'a sukan lissafa alherinta, kuma akwai shi da yawa. Irin masara da dawa da wake da gyaɗa da auduga masu sunan SAMMAZ da SAMSORG da SAMPEA da SAMNUT da SAMCOT, waɗanda manoma ke shukawa har a wajen Najeriya, sunan Samaru suke ɗauke da shi. Asibitin koyarwa da asibitin dabbobi a buɗe suke ga kowa. Shekara da shekaru ke nan ɗaliban wasan kwaikwayo suke shiga lungunan Samaru suna tattaro matsalolin mutane suna mayar musu da su a dandali. Abin tambaya kawai shi ne, me ya sa jami'ar da ke koyar da tsara birane da zanen gine-gine da injiniyancin ruwa da kiwon lafiyar al'umma take fuskantar unguwar da ke fama da rashin waɗannan abubuwa huɗu?

Tarbiyya da zaman lafiya

Iyaye a Samaru suna kuka da shigar wasu ɗalibai, da kiɗan dare, da shige da ficen maza da mata a gidajen da babu babba, da shaye-shaye. Ɗalibai kuma, musamman mata da waɗanda suka zo daga nesa, suna kuka da cewa ana yi musu kuɗin goro, ana tsangwamar su a hanya, ɓarayi suna fasa ɗakunansu lokacin hutu suna kwashe kwamfuta da waya. Irin wannan saɓani ba a Zariya aka fara shi ba. A Ingila rikici tsakanin mutanen garin Oksfod da ɗalibai ne ya sa wasu malamai suka yi ƙaura a 1209 suka kafa jami'ar Kambirij. Matashin da ya bar gaban iyayensa karon farko, da magidancin da ke tsoron abin da 'ya'yansa ke gani, dole su saɓa. Abin da ke mayar da saɓani rikici shi ne rashin wurin kai ƙara. Mai unguwa ba ya jin yana da iko da ɗalibi, shugaban sashen kula da ɗalibai ba ya jin yana da iko a gari, sai magana ta tafi wurin 'yan banga ko caji ofis.

Samaru ta ga ranakun baƙin ciki. Ranar 23 ga Mayu, 1986 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe wuta kan ɗalibai masu zanga-zanga. Hukuma ta ce mutum huɗu suka mutu, ɗalibai suka ce adadin ya fi haka. Rikicin addini na Maris 1987 da ya faro daga Kafanchan ya iso Zariya. A ƙarshen 2020 'yan bindiga sun shiga har kwatas ɗin ma'aikata suka sace malami. Bayan irin wannan, ƙara tsawon katanga da tsananta bincike a ƙofa abu ne da hankali zai ɗauka. Amma katanga ba ta kare ɗalibin da ke kwana a Hayin Dogo ba, kuma labarin baƙuwar fuska daga bakin maƙwabci yake fara fitowa.

Ruwan Kubanni

Idan ana neman hujja guda da ke nuna jami'a da gari ba sa rabuwa, to ruwa ne. Jami'a tana shan ruwan madatsar da ta yi a kan kogin Kubanni a shekarun 1970. Ɗaya daga cikin rafukan da ke zuba a wannan madatsa daga Samaru yake gangarowa, ɗauke da ruwan kwata da leda da yashin da zaizaya ta kwaso daga layukan da ba kwalta. Malaman jami'ar da kansu sun yi rubuce-rubuce kan yadda laka ke cike madatsar da yadda ƙazanta ke shiga. Ma'ana, sharar da ba a kwashe a Samaru ba tana komawa kuɗin magani da yasa a kan jami'a. A cikin gari kuma, inda ɗakuna suka yi yawa a ƙaramin fili, rijiya da masai sun matsi juna, jama'a sun dogara da 'yan garuwa. Cutar da ta ɓulla a irin wannan gida da safe za ta shiga aji.

Inda aka dosa

Idan aka bar abin yadda yake, ba sai an yi duba ba. Haya za ta ci gaba da hawa a layukan da ke kusa da ƙofofin jami'a, iyalai masu ƙaramin ƙarfi su ƙara nisa, gonakin Bomo da Basawa su zama fulotai ba tare da an bar hanyar mota ko filin makaranta ba. Ɗalibin da ya fi talauci shi zai fi nisa da aji, ya fi kashe kuɗin mota, ya kwana a gidan da ya fi rashin tsaro.

Wasu na ganin mafita ita ce a gina hostal da yawa ta hanyar ba 'yan kasuwa fili su gina, su ci riba na wasu shekaru, su miƙa wa jami'a. Wannan zai taimaka, kuma ya kamata a yi. Amma irin waɗannan ɗakuna sukan fi na gwamnati tsada, kuma ko an yi su ba za su ɗauke kowa ba. Of-kamfas ya zo ke nan. Saboda haka abin da ya rage shi ne a daina ɗaukar sa kamar wani abu na wucin gadi.

Matakan farko ba sa buƙatar biliyoyi. Sashen kula da ɗalibai zai iya buɗe rajistar gidajen da ake ba ɗalibai haya, a duba ruwa da masai da ƙofar fita kafin a sa gida a ciki, a ba sabon ɗalibi jerin tare da takardar shigarsa. Tsangayar shari'a da ke Kongo za ta iya rubuta yarjejeniyar haya ta shafi ɗaya da Hausa da Turanci, wadda ta faɗi la'adar ejan, da ranar mayar da kwashan, da abin da za a yi idan an shiga yajin aiki. Ɗaliban safiyo da tsara birane za su iya zana taswirar magudanan Samaru a matsayin aikin kammala karatu, a miƙa wa jiha da ƙaramar hukuma. Sama da duka, ana buƙatar zama na dindindin, ba sai rikici ya tashi ba, wanda zai haɗa jami'a da ƙaramar hukuma da hakimi da masu unguwanni da limamai da fastoci da masu gidaje da wakilan ɗalibai maza da mata.

Wani zai ce wannan ƙarin nauyi ne ga jami'ar da ke fama da kuɗin lantarki da albashi. Gaskiya ne tana fama. Amma ita kaɗai ce a cikin waɗannan hukumomi ta san sunan kowane ɗalibi, ita ta kira shi Zariya, kuma ita iyayensa suka ba amana. Don haka kiran farko gare ta yake: hukumar jami'a ta gayyaci Ƙaramar Hukumar Sabon Gari da wakilan Masarautar Zazzau a zauna kan rajistar gidaje da yarjejeniyar haya kafin a ɗauki sababbin ɗalibai na shekara mai zuwa.